Tarin Yaya Malam

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Sandamu, ɗaki uku da rumfar kwano, kuma a shekarun ƙarshe babban aikina shi ne karɓar kakin mutane. Ba irin aikin da ake faɗa a gidan suna ba ne. In an tambaye ni sai in ce ina ɓangaren masu tari, in ja bakina in yi shiru. Mutum zai zo ya ce tari ya ƙi sakinsa sama da mako biyu, yana jiƙewa da zufa in ya kwanta, wando ya fara yi masa yawa. Sai in miƙa masa 'yar roba mai murfi, in nuna masa gindin dalbejiya a bayan ɗaki, in ce ya ja numfashi sau uku ya kakaro daga can ƙasan ƙirji, don ba yawu nake so ba. In rufe, in rubuta lamba, in sa a akwatin sanyi. Kafin azahar mai babur ya zo ya kwashe ya kai Daura, inda na'urar gwajin take.

Na'urar nan awa biyu take yi ta faɗi ko mutum yana da tarin fuka, har ta faɗi ko irin mai taurin kan nan ne da ba ya jin maganin farko. Ranar da aka fara yi mana bayaninta a wajen horo, sai da na fita na tsaya a bayan aji na ɗan lokaci. Mahaifinmu tari ne ajalinsa, ina 'yar shekara goma sha uku. A zamaninsa sai an kai kaki sau uku, a duba, a ce a dawo. Ya je sau biyu ya ce ya gaji, ya koma kan jiƙe-jiƙe, bai ga kakar wannan shekarar ba.

Amma awa biyun nan a bakin na'ura ne. A wajenmu sai in mai babur ya zo, in akwai wuta a can, in kayan da ake zuba kakin ciki ba su ƙare ba. Galibi washegari ake kira na a waya. Duk da haka ya fi na da nesa ba kusa ba, ban taɓa raina shi ba.

A cikin garin Daura nake zaune, kullum in bi motar haya in tafi in dawo. Gidanmu yana bayan gidan yayana, ba nisa da Kusugu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya ba ni shekara goma sha biyar, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya tsaya kai da fata na shiga makarantar koyon aikin lafiya lokacin da baffanninmu suka ce karatun ya isa haka. Limamin masallacin unguwa ne, bayan la'asar kuma yana karantar da magidanta littattafai a zaurensa: 'yan kasuwa, maɗinka, dukawa. Kowa Malam yake ce masa, ni Yaya Malam. Shi kuwa Auta yake ce mini har yau, ga ni da jika.

A lasifikar masallaci na fara jin tarin Yaya. Ina tsakar gida ina wanke shinkafa da magariba, ya ɗauko aya, ya kai tsakiya ya tsaya. Na ji ya kau da kai ya yi tari sau biyu, sannan ya koma ya ɗauko ayar daga farko. Wanda ya shekara yana sauraron ƙirjin mutane ya san bambancin tarin mura da wanda yake fitowa daga ƙasa, mai nauyi, kamar ana jan guga cike da laka. Na ajiye ƙwaryar. Na ce wa kaina ƙila zafin bazara ne da shan ruwan ƙanƙara. Na ƙirga kwanaki a zuci har ashirin, bai daina ba.

Ranar wata Juma'a da hantsi na shiga gaishe shi. Yana zaune kan buzu, littattafai a gabansa. Wuyan rigarsa ya yi masa faɗi.

Na ce, "Yaya, wannan tarin ya kwana biyu."

Ya ce, "Sanyin randa ne. Ina shan zuma da citta."

"Ya kai wata ɗaya?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Auta, nan ba asibiti ba ne."

Na ciro robar daga jaka na ajiye a gefen buzun. Na yi masa bayanin da nake yi wa kowa, cewa kyauta ne, ba allura, ba ɗibar jini, gobe war haka an san abin da ake ciki. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya sa gindin alƙalami ya ture robar zuwa wajena.

"Ɗauke wannan daga kusa da littattafai."

Na ɗauke. A ƙauye na sha shawo kan dattawan da ba su taɓa gani na ba, na sha zama kan turmi awa guda ina lallashin makiyayi har ya karɓi robar. A gaban Yaya kuwa bakina ya mutu. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Wanda ya goya ka zuwa makarantar allo ba ya ganin farar rigarka.

Na kuma san abin da yake tsoro, ko da bai faɗa ba. Bayan rasuwar Baba an daɗe ana ce wa gidanmu gidan masu tari. Maƙwabta sun daina aron moɗarmu. In an kawo mana abinci a kwano, sai a ce mu juye a namu tun daga ƙofa. Ni yarinya ce, na manta da yawa. Shi yana saurayi, shi ya sha wannan kallon, kuma ya yi shekara talatin yana gina sunan da ya rufe wancan.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne tofi. Mata suna kawo masa yara marasa lafiya da safe, ya karɓi yaro a cinya, ya yi addu'a ya tofa masa a ka da ƙirji, fuska dab da fuska, a zauren da taga ɗaya ce gare shi.

Matarsa, wadda nake ce wa Anti tun ranar da aka kawo ta gidan, ita ta tare ni a madafi bayan mako guda. Mace ce mai sanyin magana, ba ta taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Ta ce, "Zanin gado kullum sai na shanya. Abinci kuwa loma uku ya ture. Ke ba kaki kike nema ba? Ai ni nake zubar da gwangwanin da yake tofawa."

Na san bai halatta ba. An koya mana ba a gwada mutum sai da yardarsa, ni kaina na sha faɗa wa sababbin ma'aikata haka. Na ba ta robar. Washegari da sassafe ta miƙo mini ita ta katanga, a naɗe cikin leda. Na rubuta lamba, na sa sunan wata unguwa da ba tamu ba, na haɗa da na ƙauye.

Da la'asar mai ɗakin gwajin ya kira ni. Mutum ne mai raha, amma ranar ba raha a muryarsa. Ya ce, "Hajiya, me kika aiko mini a lamba ta huɗu? Toka ce rabinsa. In na sa wannan a na'ura ai na yi asarar kayan aiki. Ke da kike koya wa wasu?" Na manta Anti toka take zubawa a gwangwanin saboda ƙuda. Na ba shi haƙuri, na ce kuskure ne.

Anti ba ta iya riƙe abu a ciki. Kwana biyu ta faɗa masa da bakinta. Ya aiko a kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Na ɗauka karatun da na tsaya miki na amana ne. Ashe har da koya wa matata ɗaukar abu a ɓoye." Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, in tashi in tafi. Daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa da "lafiya" ɗaya, ya mai da ido kan littafi.

Mako biyar muka yi a haka. Damina ta sauka. Na ci gaba da aikina, gida gida a ƙauyuka, takalmi cike da taɓo, ina tambayar wa ke tari a nan. Akwai wani mai fataucin awaki da sakamakonsa ya fito da ciwon, na kira wayarsa har na gaji, aka ce ya tsallaka iyaka ta Kwangwalam, sai bayan kaka. In na dawo gida da yamma ƙafafuna a kumbure, in zauna in ji wa zai ja sallah. Wata rana Yaya, wata rana na'ibinsa. Sannu a hankali ranakun na'ibin suka fi yawa. Maigidana ya ce in bar shi ya je ya yi masa magana, na ce a'a, za a ƙara ɓata abin ne.

Wata Talata da hantsi, ana yayyafi, ina cikin rubuta katin wata mai ciki, na ɗaga kai na hango Yaya a rumfa. Wani dattijon maɗinki cikin ɗalibansa ne ya kawo shi a babur, tun daga Daura. Yana zaune a ƙarshen benci, nesa da mata masu goyo, ya ja rawani ya rufe baki da hanci. Na fita. Na rasa ko in durƙusa ko in tsaya, ga mutane suna kallo. Na durƙusa.

Ya ce, "Ba ni robar."

Na kawo. Ya juya ta a hannu. A hankali ya ce, "Jiya an kawo mini jaririya, ko arba'in ba ta yi ba. Na buɗe baki zan yi bisimilla, tari ya riga ni. Hannu kawai uwar ta miƙo ta karɓi 'yarta." Daga baya Anti ta gaya mini har jini ya gani a kan sallaya da asubar ranar, amma wannan bai faɗa mini ba.

Na nuna masa gindin dalbejiya kamar kowa. Na koma ciki na tsaya a bakin taga, na juya baya, ina jin sa yana fama. Ya daɗe.

Ranar mai babur bai zo ba saboda ruwa. Na nemi izini na ɗauki akwatin da kaina. Na hana Yaya komawa a babur cikin yayyafi, muka shiga mota ɗaya, shi a gaba ya sauke gilashi, ni a baya da akwatin a cinya. Asibitin da na'urar take bai fi tafiyar minti goma a ƙafa daga ƙofar gidansa ba. Ya yi doguwar tafiyar nan ne don kada wanda ya san shi ya gan shi a layin masu tari.

Na tarar ba wuta. Na zauna a benci har aka tada janareto bayan azahar. Mai ɗakin gwajin ya ɗaga robar ya duba, ya dube ni, ya ce, "Wannan kam kaki ne." Ban yi dariya ba. Na yi sallar la'asar a barandar, na dawo na zauna. Da takardar ta fito ya miƙo mini ba tare da ya karanta da ƙarfi ba, ina jin ya ga sunan. Akwai ciwon. Sa'ar da aka yi, irin mai jin magani ne.

Da na isa gidan Yaya na tarar da ɗalibai a zaure, na wuce ciki na jira har suka watse. Anti tana tsaye a bakin ƙofa da zani a hannu. Na faɗa masa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin." Sannan ya ce, "Irin na Baba ne?"

"Irinsa ne, Yaya. Amma yanzu ana warkewa."

"Wata nawa?"

"Shida. Kullum, ba fashi."

Na ɗauka wahalar ta ƙare a nan. Ashe farkonta ke nan. Na ce sai ya dakata da limanci da tofi da karatun zaure na 'yan makonni, har maganin ya kama. Ya yarda. Na ce kuma sai an gwada mutanen gida, da duk wanda yake zama kusa da shi a zaure yana tari. Nan sai ya ce, "Kada ki bi su gida gida da jakarki. Ki bar ni in faɗa da bakina."

Washegari ya sa aka shimfiɗa tabarmi a waje, a ƙofar gida, ya zauna nesa da su ya faɗa musu. Ban je ba, maɗinkin nan ne ya ba ni labari. Ya ce Malam bai yi wa'azi ba, cewa kawai ya yi an gwada shi an samu tarin fuka, ya fara magani, duk mai tari a cikinsu ya je a duba shi don Allah. Wasu sun je. Wasu sun ce to, ba su je ba. Wani ɗan kasuwa da ya shekara goma a sahun farko ya koma wani masallaci, har yau can yake sallah. Mata masu kawo yara suka ɗauke ƙafa ɗif.

A gida yaran duk lafiya lau. Ni ma na ba da nawa, babu. Anti ce aka samu da shi. Ashe ta daɗe tana ɗan tarinta a madafi, tana cewa hayaƙi ne, ni kuma idona yana kan Yaya ban kula ba. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da zancen tokar.

Sai ladanin masallacin, tsoho tukuf, wanda ya riga Yaya fara tari da daɗewa. Na je wajensa sau uku. Yaya da kansa ya aika masa. Dariya kawai yake yi, ya ce, "'Yata, na kusa tamanin. Me za a gwada a jikina? Ku bar wa masu sauran kwana." Ya rasu bayan an yi girbi. Ba wanda ya san ko ciwon ne, tunda ba a gwada ba. Na je gaisuwa, na ga jikokinsa sun cika ɗakin da yake kwana, na bar wa surukarsa robobi uku. Ɗaya ta dawo.

Wata shidan nan ba na son tuna su. Kullum bayan sallar asuba, kafin in kama mota, sai na shiga gidan na ɓallo ƙwayoyin, na Yaya da na Anti, na tsaya har sun haɗiye, na yi alama a kati. Manyan ƙwayoyi ne, a kan cikin da ba komai. Ranar farko da Anti ta ga fitsarinta ya yi ja ta aiko a guje, duk da na riga na gaya mata haka zai yi. Yaya gaɓoɓi suka riƙe shi, sai da sanda yake tashi. Ina yawan makara a wajen aiki, shugabanmu ya yi mini magana sau biyu, na uku ya ƙyale ni.

A wata na uku jikin Yaya ya dawo. Tari ya tafi, yana cinye tuwo malmala biyu, ya koma limanci da karatu. Wata safiya na miƙa masa magani ya ƙi miƙo hannu.

"Na warke, Auta. Jikina ne, na sani. Maganin nan yanzu shi ne ciwon."

Na yi bayani, cewa in aka tsaya a tsakiya yana dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Ya ce ya ji, amma ya gaji. Ni ma na gaji. Ban yi barcin kirki ba, mota tana shirin wuce ni, ga ƙwayoyin suna narkewa a tafin hannuna. Na ce, "Baba ma sau biyu ya je, ya ce ya gaji."

Anti ta ce, "Subhanallahi." Ban taɓa yi wa Yaya magana irin wannan ba. Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ya miƙo hannu ya karɓa, ya haɗiye, ya kurɓi ruwa, ya juya mini baya. Bai sake cewa zai daina ba. Bai kuma sake yi mini hira da safe ba har aka gama.

Anti ce ta fi shan wuya. Maganin ya taɓa mata hanta, idanunta suka yi rawaya, tana amai, sai da likita ya dakatar da shi aka sake farawa a hankali. Ita ta kai wata takwas. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, sai dai in na shigo ta ce, "Sannu da mu, Auta." Gwajin ƙarshe ya nuna su biyun sun rabu da shi.

Da aka gama na rubuta takarda na roƙi a sauya mini ɓangare. Na ce ƙafafuna ba sa iya yawon ƙauye, wanda gaskiya ne, ko da yake ba ita ce duka gaskiyar ba. Sai da aka shekara kafin a amsa. Yanzu ina wajen awon masu ciki a wani asibiti a cikin gari, ina zaune a kujera, ina tashi da azahar.

Sai dai Yaya ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Duk wanda ya ji yana tari a sahu ko a zaure, sai ya ce masa, "Je ka wajen Auta." Bai taɓa shawartata ba, bai kuma tambayi ko har yanzu aikina ne ba. Suna zuwa gida, galibi ranar Asabar ko Lahadi, lokacin da suka san ina nan. Ba ni da komai a gida da zan ba su, sai dai in saurari tarin, in yi tambayoyin da na saba, in rubuta 'yar takarda.

Asabar ɗin da ta wuce wani mahauci ne ya yi sallama ina tsakiyar wanki. Na sa hijabi na fito zaure da kumfa a hannu. Ya ce Malam ne ya turo shi, tari wata biyu. Na ce ya je asibiti ranar Litinin da safe, ya nemi ɗakin masu tari, kafin yamma ko washegari zai ji sakamako. Ya ce Litinin akwai yanka da yawa. Na ce to Talata. Ya ce sai dai ya gani. Na goge hannu a gefen zani na rubuta masa takardar, ya ninke ta ya cusa a hula, ya yi godiya ya tafi. Na koma na tarar ruwan wankin ya huce. Ban sani ba ko ya je.